Duniya Makaranta: Tsibirin da Ake Shiga Bakinsa da Ƙafa

A wannan mako filin nan zai ɗauki masu karatu ya kai su can kudu maso gabashin duniya, bayan ƙasar Ostiraliya, watau ƙasar Niyu Zilan. A gaɓar babban tsibirinta na arewa akwai wani gari da ake kira Whakatane. Wanda ya tsaya a bakin tekun garin ya miƙa ido arewa, in gari ya yi garau, zai hangi wani ɗan tsibiri can tsakiyar ruwa da farin hayaƙi tsaye a kansa kamar rawani. Tsakaninsa da gaɓa kilomita 48 ne, watau mil 30. Turawa suna ce masa White Island, ma'ana Farin Tsibiri. Mutanen Maori kuwa, waɗanda suka riga Turawa zama a ƙasar da ɗaruruwan shekaru, suna kiransa Whakaari, a bakinsu kuma sunan yakan fito kamar an ce Fakari.

Duwatsu masu aman wuta ba su da wuyar samu a duniya, da yawansu ma a tsibirai suke, kamar Stromboli na Italiya da Krakatau na Indunusiya. Amma galibi wanda yake so ya leƙa bakin irin wannan dutse sai ya sha hawa, ya wuni yana haki, kana in ya kai ƙoli ya tsaya daga nesa ya leƙa. Whakaari ya sha bamban. A nan mutum yakan sauko daga jirgin ruwa ne ya taka shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ya yi 'yar tafiyar da ba ta fi daga gida zuwa kasuwa ba, sai ga shi tsulum a tsakiyar bakin dutsen, ganuwarsa ta kewaye shi. Tsoho yana iyawa, yaro ma yana iyawa. Saboda wannan sauƙi ne tun wajen 1990 aka mai da ziyarar tsibirin sana'a, har ya zama mutum fiye da 10,000 suke zuwa kowace shekara. Sana'ar ta tsaya cak ran Litinin 9 ga Disamba, 2019, da ƙarfe 2 da minti 11 na rana, sa'ad da dutsen ya tashi alhali akwai mutum 47 a kansa. Mutum 22 daga cikinsu suka riga mu gidan gaskiya.

Kafin a zo ga labarin wannan rana ya kamata a san inda wutar take fitowa, domin sai an san haka za a gane cewa abin da ya sa tsibirin ya yi daɗin ziyara shi ne kuma ya sa ya zama tarko.

Masana ilmin ƙasa sun ce ɓawon duniyar nan da ake takawa ba a haɗe yake gaba ɗaya ba. Ya yi kama da ƙwaryar da ta fashe gyartai ya ɗinke, sakaina nan sakaina can, sai dai ɗinkin bai hana su motsi ba. Kowace sakaina tana tafe sannu sannu bisa wani dutse da ke ƙarƙashinta, wanda tsananin zafi ya sa ya yi laushi. Niyu Zilan daidai kan ɗinki ta zauna. Daga gabas sakainar Tekun Fasifik tana matsowa tana kutsawa ƙarƙashin sakainar Ostiraliya, tafiyar da ba ta wuce 'yan santimita kaɗan a shekara ba, kusan yadda farcen mutum yake tsiro.

Wannan sakaina mai nutsewa ta yi shekaru miliyoyi a ƙarƙashin teku, saboda haka ta sha ruwa ta ƙoshi. In ta kai zurfin kilomita wajen 100, sai zafi da nauyi su matse ruwan ya fita, ya hau cikin dutsen da ke bisanta. To, a nan abin mamakin yake. Ruwan da aka sani da kashe wuta, a can ƙasa shi ne yake sa dutse ya narke. Dutsen dama yana da zafi ƙwarai, amma bai kai ga narkewa ba. Da ruwa ya shige shi sai ya narke a zafin da dā ba zai isa ya narkar da shi ba, kamar yadda 'yar kanwa take sa wake ya nuna da wuri ba tare da an ƙara itace a murhu ba. Narkakken dutsen bai kai na kewayensa nauyi ba, don haka sai ya yi ta tasowa yana neman tsaga. Inda ya sami hanya ya ɓullo, nan ake samun dutse mai aman wuta.

Shi ya sa duwatsun wuta na wannan yanki suka jeru a layi guda. Layin ya faro daga Ruapehu da Tongariro a tsakiyar tsibirin arewa, ya bi ta tafkin Taupo da Rotorua da dutsen Tarawera, wanda ya tashi a 1886 ya hallaka mutum fiye da 100, kana ya faɗa teku ya ɓullo a Whakaari. Maori suna da wani labari na kaka da kakanni game da haka. Wai wani babban masanin asirinsu mai suna Ngatoroirangi ya hau Tongariro, sanyi ya kusa kashe shi, sai ya yi kira ga 'yan'uwansa mata da ke can tsohuwar ƙasarsu Hawaiki su aiko masa da wuta. Wutar ta taho ta ƙarƙashin teku, ta leƙo a Whakaari, ta sake nutsewa, tana ɓullowa nan da can har ta iske shi. Labarin gargajiya ne, amma wanda ya ɗauki taswira ya bi sawun wutar zai ga ya hau layin da masana suka zana. Mutanen dā sun iya lura.

Abin da ake hangowa daga gaɓa ƙoƙon kan dutsen ne kawai. Faɗin tsibirin wajen kilomita 2 ne, tsayinsa daga fuskar ruwa mita 321. Gindinsa yana can ƙasan teku, daga can zuwa ƙoli kuwa ya kai mita 1,600. Kashi 70 cikin 100 na jikinsa ruwa ya rufe. Shekara wajen 150,000 yana ginuwa, toka bisa daskararren dutse, dutse bisa toka. Kyaftin James Cook na Ingila ya wuce ta wurin a 1769, ya hangi fari, ya sa masa suna ya yi gaba, bai ma rubuta cewa dutsen wuta ne ba.

To, yaya aka yi irin wannan dutse ya sami ƙofa? Amsar ba ta da daɗin ji. Tururi mai tsami da ke ratsa jikinsa dare da rana yana cinsa, yana mai da dutse mai ƙarfi yumɓu. Tun kafin a fara rubuta tarihin wurin, ganuwar kudu maso gabas ta ruɓe ta zube cikin teku, ta bar dutsen da siffar murhun laka: bango ta gefe uku, baki ta gefe ɗaya inda ake cusa itace. Daɓen cikin bai fi mita 30 bisa fuskar teku ba. Watau ƙofar da baƙi suke shiga suna murna, tabon wata tsohuwar masifa ce.

Ga yadda ziyarar take a zamanin da ake yinta. Akan tashi daga Whakatane da hantsi, tafiyar wajen sa'a ɗaya da rabi a ruwa, masu hali kuwa su zo a jirgin sama mai saukar ungulu. Kafin a sauka akan raba wa kowa hular kwano ruwan ɗorawa da takunkumin tace iska, har da alewa, wai a riƙa tsotsa don maƙogwaro ya rage ƙaiƙayi. Babban jirgi ba ya iya matsawa gaɓa, sai a riƙa kwasar mutane a kwalekwalen roba ana kai su wata tsohuwar matsaya ta siminti, su kama tsanin ƙarfe su hau.

Abin da yake fara tarbar baƙo wari ne, warin baragurbi, wanda yake kama hanci ya sa ido ruwa. A cikin kwarin babu ciyawa ko ɗaya, balle itace. Ƙasar fari-fari ce, toka-toka, wani wuri ja kamar an zuba jini saboda ƙarfen da ke cikinta, wani wuri kuwa rawaya. Rawayan nan farar wuta ce, ita dai wadda ake saye a wurin 'yan koli a daka a shafa wa mai ƙazwa. A nan kuwa tsirowa take yi a bakin ramuka, ta taru ta yi tulluwa, tana ƙyalli kamar an barbaɗa gilashi. Ramukan suna huci, waɗansu a hankali kamar butar shayi, waɗansu da rugugin da sai jagora ya ɗaga murya kafin a ji shi. Zafin tururin yakan faro daga digiri 100 ya haura ɗaruruwa. A shekarun da dutsen ya fi fushi an auna har wajen 800. Ga kuma kududdufan taɓo suna tafasa ɓal-ɓal kamar talge.

Jagora ɗaya yana gaba, ɗaya yana baya, ana ja wa kowa kunne kada ya kauce daga sawu, domin wani wurin ɓawo ne kawai a sama, ƙarƙashinsa ruwan zafi. Ƙarshen tafiya shi ne bakin tafkin da ke can ƙuryar yamma. Ruwansa wani lokaci kore wani lokaci toka-toka, yakan cika yakan ƙafe, tsaminsa kuwa yakan kai na ruwan batir. A nan ake tsayawa a ɗauki hoto. Daga wannan wuri zuwa matsayar jirgi akwai tafiyar mintoci masu yawa a fili fetal, babu rumfa babu ɗaki.

A kan hanyar komowa akan bi ta kangon wata masana'anta. Tun cikin shekarun 1880 Turawa suka fara haƙar farar wuta a tsibirin don yin takin zamani da waɗansu abubuwa. A watan Satumba na 1914 wani yanki na ganuwar yamma ya zube, ya zama malalar taɓo, ta share ma'aikata 10 da ɗakunansu da injunansu ta zuba a teku. Ba a sami gawa ko ɗaya ba. Waɗanda suka zo daga baya muzurun sansanin kaɗai suka tarar da rai, aka laƙaba masa sunan wani sarkin Rasha, Peter the Great. A 1923 aka sake komawa. Wannan karo leburorin sun yi hankali, suka gina ɗakunan kwanansu a bayan ganuwa, ta waje, kusa da inda tsuntsayen teku suke sheƙa, kullum su shigo aiki da kwalekwale, in teku ta yi fushi su bi wata siririyar hanya ta kan duwatsu. Daga ƙarshe ciniki ne ya kore su: farar wutar da ke cikin takin ba ta taka kara ta karya ba, kamfanin ya durƙushe cikin shekarun 1930, bayan an kwashi tan wajen 11,000 tun daga farko. A 1936 wani attajiri na birnin Auckland, George Raymond Buttle, ya sayi tsibirin, ya zama mallakar zuriyarsa. Iskar wurin ta cinye ƙarafan masana'antar har sun zama kamar busasshen ganye. Labarin mutum 10 ɗin nan kuwa ya koma abin da ake ba baƙi a tsaye a kan kangon don ƙara wa yawo armashi.

Mutane da yawa in aka ce aman wuta, abin da yake zo musu a rai shi ne jan narkakken dutse yana malala, irin wanda ake nunowa a talabijin daga tsibiran Hawaii. Wannan yana da kwarjini, amma sau da yawa yakan yi sallama kafin ya shigo: ƙasa takan kumbura, ta yi ta girgiza kwana da kwanaki, malalar kuma takan taho a hankali har mutum ya kwashe kayansa. Haɗarin Whakaari na wani iri ne daban, ruwa ne kuma tushensa.

Narkakken dutse yana kwance ba nisa ƙarƙashin kwarin. Ruwan sama da na teku suna tsiyaya ta tsagogi su iske zafinsa. Saboda nauyin da ke bisansa, ruwan yakan wuce digiri 100 nesa ba tare da ya tafasa ba. Muddin ramukan nan suna huci, to, abin yana samun mafita. Amma tururin yana ɗauke da farar wuta da waɗansu ma'adinai, su ne kuma a hankali suke daskarewa su toshe tsagogin da suke bi, har su yi wa wurin murfi. Kowane yaron mota ya san abin da yake faruwa in aka kwance murfin lagireto alhali mota ta ɗauki zafi. Ruwan da yake kwance luf, da ya sami sarari sai ya zama tururi nan take, tururi kuwa yana neman wuri ninki wajen 1,700 na ruwan da ya haife shi. Ranar da murfin dutsen ya tsage abin da yake faruwa ke nan, sai dai a nan murfin na dutse ne da taɓo, shi ma kuma tashi yake yi ya farfashe ya zama harsashi.

Irin wannan fashewa ba ta bukatar narkakken dutse ya yi wani babban motsi, saboda haka ba lalle na'urorin auna girgizar ƙasa su nuna wani abin a-zo-a-gani ba sai lokaci ya ƙure. Haka ta faru a dutsen Ontake na Japan ran 27 ga Satumba, 2014, dab da tsakar rana, masu hawan dutse sun cika ƙoli. Mutum 63 suka mutu ko suka ɓace. Masu karatu da suka manyanta za su tuna da tafkin Nyos na Kamaru, wanda shi ma a bakin tsohon dutsen wuta yake. A 1986 iskar da ta daɗe a danne ƙarƙashin ruwansa ta kuɓuce cikin dare ta kashe mutum fiye da 1,700. Can iska ce mai shaƙewa, nan tururi mai ƙuna, amma duka biyun abu ne da aka danne ya sami hanya.

Bugu da ƙari, fashewar ba sama kaɗai take yi ba. Wani kashi na tururin, da yake ya haɗu da toka da tsakuwa, ya fi iska nauyi, sai ya faɗo ya bi ƙasa kamar guguwa, da gudun da babu mai tsere masa. A Whakaari ganuwa ta tare shi ta gefe uku. Hanya ɗaya gare shi, ita ce ƙofar nan ta bakin teku, watau hanyar baƙi.

Ba za a ce dutsen bai yi gargaɗi ba. Daga Disamba 1975 zuwa Satumba 2000 a cikin tashi yake, yau ya lafa gobe ya taso. Ya sake a 2012 da 2013. Ran 27 ga Afrilu, 2016, ya yi irin wannan fashewa ta tururi, guguwar ta rufe kusan dukan hanyar da baƙi suke bi. Ba wanda ya mutu, don kuwa da dare abin ya auku, babu kowa a tsibirin. Masana suka je suka auna suka rubuta. Abin da ya biyo baya shi ne aka kai wata kwantenar ƙarfe aka ajiye wajen kangon masana'anta don ta zama mafaka, aka ci gaba da sayar da tikiti. Hausawa sun ce sabo turken wawa. Shekara kusan 30 aman dutsen bai ci baƙo ko ɗaya ba, sai aka ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa tsarin yana da kyau, alhali kuwa lissafin ba shi da wuya. Baƙi sa'o'i kaɗan suke yi a kwarin cikin sa'a 24, dutsen kuwa bai san dare da rana ba. Sa'a kawai ake ci.

Ƙasar tana da ma'aunin faɗakarwa mai hawa daga 0 zuwa 5, a lokacin kuma masanan hukumar binciken ƙasa ta GNS Science suke bayar da shi. Mataki na 1 ƙaramin motsi ne, na 2 motsi ya ƙaru, daga 3 zuwa 5 kuwa aman ya riga ya fara. Ran 18 ga Nuwamba, 2019, aka ɗaga Whakaari daga 1 zuwa 2, domin an ga iskar farar wuta ta ƙaru, girgiza ma ta ƙaru. Masanan ba su ɓoye ba, sun sanar a fili. Sai dai wannan ma'auni halin da ake ciki yake faɗa, ba ya duban gobe, su kansu masu shi sun rubuta cewa dutse yana iya tashi a kowane mataki. Na 2016 ma yana mataki na 1 ya tashi. To, baƙon da ya zo daga Amurka ko Jamus aka ce masa 2 cikin 5, me zai fahimta? Zai ɗauka ko rabi ba a kai ba. Ina zai san cewa daga 2 sai aman wuta? Har ila yau babu dokar da ta ce in an kai 2 a daina kai mutane. An bar wa kamfanonin da suke cin abinci da tikitin su yanke wa kansu shawara.

A cikin mutum 47 na ranar, 24 'yan Ostiraliya ne, 9 daga Amurka, 5 'yan ƙasa, 4 daga Jamus, 2 daga Sin, 2 daga Birtaniya, 1 daga Malesiya. Mutum 38 fasinjoji ne na wani ƙaton jirgin ruwan shaƙatawa, Ovation of the Seas, wanda ya ya da zango a tashar Tauranga. Akwai iyaye da 'ya'yansu, akwai ango da amarya. Kyamarar da masana suka kafa a bisa ganuwa ta ɗauki hoton wani ayari yana tafe a cikin kwarin da ƙarfe 2 da minti 10. Bayan minti guda hayaƙi ya turnuƙe, ya yi sama fiye da kilomita 3 da rabi. Abin bai wuce 'yan mintoci ba. Cikin ayarin da ke kusa da tafki kaɗan ne ƙwarai suka tsira. Waɗanda suka kusa gaɓa suka raɓe bayan duwatsu, waɗansu suka faɗa teku. Wani jirgi mai saukar ungulu da ke ajiye, guguwar ta ture shi daga mazauninsa ta karya masa fikafikai.

Wani jirgin ruwa na masu yawon, mai suna Phoenix, bai daɗe da barin tsibirin ba. Ya juyo, ma'aikata suka shiga kwalekwalen roba suka yi ta kwaso mutane, fasinjoji suka tuɓe rigunansu suna rufa musu, suna zuba musu ruwa har aka kai gaɓa. Hukuma ta yi jinkirin barin jiragen ceto su sauka, tana tsoron kada dutsen ya sake. Waɗansu matuƙan jiragen haya na yankin ba su jira izni ba, suka tashi suka sauka cikin toka, suka ɗauko mutum 12. Ran 13 ga wata sojoji 8 suka shiga cikin tufafin kariya suka ɗauko gawa 6. Gawa 2 ba a same su ba.

Ƙunar ba irin ta gobara ba ce. Zafi ne da tsami a haɗe, tokar tana ci gaba da cin fata bayan wutar ta wuce, wanda ya shaƙe ta kuma huhunsa ya ƙone. Asibitin Whakatane ƙarami ne, sai aka rarraba majinyata zuwa cibiyoyin jinyar ƙuna 4 na ƙasar, da asibitin Middlemore na Auckland a kan gaba, waɗansu aka kai su Ostiraliya. Fatar da ake rufa wa masu ƙuna ta yi ƙaranci, har aka nemi santimita murabba'i miliyan 1 da dubu 200 daga Amurka, watau mita murabba'i 120, kusan faɗin ƙaramin gida. Na ƙarshe cikin mamatan 22 ya cika ne a 2020, watanni bayan haɗarin. Galibin mutum 25 da suka rayu sun tashi da tabon da za su mutu da shi.

A watan Nuwamba na 2020 hukumar kula da lafiyar wuraren aiki, WorkSafe, ta gurfanar da ɓangarori 13. Shida suka amsa laifi, har da babban kamfanin da ke kai baƙi, White Island Tours. Shida aka sallame su, cikinsu da 'yan'uwa uku na gidan Buttle. Saura ɗaya, kamfanin da masu tsibirin suka kafa don ba da iznin shiga, Whakaari Management, kotu ta same shi da laifi a watan Oktoba na 2023, bisa cewa bai sa an auna haɗarin wurin yadda ya kamata ba. A watan Maris na 2024 aka yanke diyyar da ta haura dala miliyan 10 ta kuɗin ƙasar. Amma a watan Fabrairu na 2025 Babbar Kotu ta soke hukuncin da aka yi wa kamfanin masu tsibirin, ta ce ƙasa kawai ya ba da izni a taka, ba shi yake tafiyar da yawon ba.

Ko ma wane ne doka ta kama, abin da shari'ar ta tono ya fi hukuncin muhimmanci. Masu tsibiri sun jingina da kamfanoni, kamfanoni sun jingina da lambar da masana suke bayarwa, masana sun ce aikinsu su auna su faɗa. Ita kanta hukumar da ta kai ƙara, binciken da gwamnati ta sa aka yi ya same ta a 2021 da gazawa wajen sa ido a kan sana'ar. Kowa ya ɗauka wani ne yake riƙe da linzami.

Akwai masu cewa baligi yana da ikon ya sa kansa a haɗari in ya ga dama, ba a hana kowa hawan Everest ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Amma mai hawan Everest ya san abin da ya taka, ya san adadin waɗanda suka tafi ba su komo ba. Waɗanda suka tsira daga Whakaari sun shaida wa kotu cewa ba a bayyana musu girman haɗarin ba sa'ad da suke biyan kuɗi. Wanda ya zaɓi yawon wuni guda daga cikin takardar talla, ya riƙo hannun 'ya'yansa, aka ba shi hular kwano da alewa, ba za a ce ya zaɓi caca da ransa ba. Hular ma ɗin tana da nata laifi, domin takan sa mutum ya ji kamar an riga an yi masa maganin abin. Su kuwa jagororin, waɗanda suke shiga kwarin kusan kullum don neman abinci, su suka fi kowa ɗaukar kasada. 2 daga cikinsu suna cikin mamatan.

A 2020 waɗansu masana na Jami'ar Auckland suka ba kwamfuta bayanan girgizar dutsen na shekarun baya, suka koya mata gane irin rawar da ƙasa take yi kafin fashewa. Suka ce da an yi amfani da irin wannan tsari, da ya yi ƙararrawa sa'o'i da dama kafin abin ya auku a 2019. Farashinsa shi ne yakan yi ƙararrawar banza, har ya kai ga a rufe tsibirin kimanin wata guda a kowace shekara. Wata guda na ciniki ke nan.

Tun daga ranar haɗarin aka daina sauke 'yan yawon buɗe ido a Whakaari. Mai son gani sai ya kewaya shi a ruwa ko ya leƙo daga sama. Na'urorin da ke kan tsibirin suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya don babu mai zuwa gyara, zuwa 2022 masana suka koma lura da shi daga nesa, ta jirgin sama da tauraron ɗan adam da kyamarorin da ke gaɓa. A watan Agusta na 2024 ya yi ta fitar da toka har aka soke tashin jirage a filayen Tauranga da Rotorua. Tsuntsayen teku kuwa suna nan dubbai suna sheƙa a bayan ganuwa, wajen da leburorin 1923 suka gina ɗakunansu.